Fuskar Bawa a Bangon Damba

Kwanan baya wasu samari suka shigo shagona da ke bayan tasha a Gusau, suna neman hayar majigi. Wai za su haska zane a bangon unguwarsu, irin wanda suke gani a waya ana yi a manyan birane. Na tambaye su wane bango ne, ina ya fuskanta, da me aka shafe shi. Suka kalli juna. Babbansu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Garba, ai bango bango ne. Ba mu na'urar kawai, dannawa ce." Na jawo musu benci na ce su zauna, tunda dai ba su da wani aiki sai dannawa. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa a nan, don na ga irinsu suna da yawa. Ba na jin haushinsu, ni ma da na fara haka na ɗauka.

Sana'ata haska hoto a bango. Wani ya zana abinsa a kwamfuta ko ya ɗauko da kyamara, ni kuma in fito da shi titi in ɗora a jikin gini, mutane su kalla na 'yan kwanaki, in naɗe wayoyina in yi gaba. Babu fenti, babu ƙusa. Ina kashe fitila bango zai koma yadda mai shi ya san shi, wanda bai zo ya gani ba kuma ta wuce shi. Akwai wata tsohuwa a unguwar Damba, nan Gusau, da saura ƙiris ta rasa damarta ta ƙarshe ta ganin fuskar ɗanta, a hannunmu kuwa, kuma labarinta nake so ku riƙe. Amma bari in fara da inda na samo hannun.

Na koyi aiki a wurin Malam Isuhu mai majigi, mutumin Bungudu, Allah Ya jiƙansa. A lokacinsa fim a faifai yake zuwa a naɗe, muna yawo ƙauye-ƙauye muna nuna wa manoma yadda ake sa taki da amfanin rigakafi. Na daɗe ina dakon janareta kafin ya bar ni in taɓa majigin. Ranar da ya fara bar mini aikin a Karakkai ne. Na ɗaure farin ƙyalle tsakanin itatuwan tsamiya biyu, na ja sama ta yi tsaf, ban kula da ƙasa ba. Fim na farawa iska ta taso, ƙyallen ya shiga kumbura yana sacewa, fuskar malamin gona da ke bayani ita ma tana kumbura tana sacewa. Wani dattijo a gaba ya ɗaga murya ya ce, "Wanga malami da kunci shika numfashi, awa kwaɗo!" Filin ya ruɗe da dariya, babu wanda ya ji ko kalma ɗaya a kan taki. Malam Isuhu bai yi mini faɗa ba. Ya tsinto duwatsu ya ƙuƙƙulle a gefen ƙyallen na ƙasa, ya koma ya zauna.

Washegari ya zaga da ni cikin garin, muna shafa bangaye da tafin hannu kamar masu sayen bijimi. Bangon laka, in ji shi, shan haske yake yi, ka zuba masa duk abin da kake da shi ya ba ka duhu. Siminti tsirara yana mai da fuskar mutum toka-toka. Fenti mai sheƙi yana watso wa masu kallo hasken a ido. Farar ƙasa ita ce sarauniya. Ya ce kafin in kafa komai in duba inda maza suke jera sahu, kada in sa hoton mutum a gaban masu salla. Ana kiran salla in kashe. Kuma in na roƙi mai bango, in roƙi mai shayi ko mai ƙosan da ke zama a gindinsa, don da yamma bangon nasu ne. Na'ura ta canja sau nawa tun daga lokacin, amma cikin waɗannan babu wanda ya tsufa.

Majigin yanzu bai kai bulon siminti nauyi ba. Da shi da kwamfuta, da lasifika, da doguwar waya, da tsani, da wani lallausan tsumma da nake goge idon majigin da shi, wanda ko matata ba ta taɓa shi. Ku da kuke cewa dannawa ce, ku zo da damina ku ga yadda ƙwari suke taruwa a bakin fitila har inuwarsu ta cika bango. Ku zo bakin titi ku ga ɗan kabu-kabu ya dallo fitilarsa ya wanke muku hoton gaba ɗaya. Ku haɗu da masu ba da aiki. Wani ɗan kasuwa a Tsafe ya sa na haska hotonsa a bangon shagonsa, ƙato kamar gaban tirela, sannan ya zo yana huci wai na karkatar masa da hula. Na nuna masa hoton da ya ba ni da hannunsa. Hular a karkace take tun daga gida.

Sai muguwar shekara ta zo. Hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, taron yamma ya zama abin tsoro, man da zan zuba wa janareta ya gagara, layin waya ma ya ɗauke na wani lokaci. Ƙauyukan Tsafe da na Bungudu da na san kowane bangonsu suka fi ƙarfina. Na naɗe majigi a tsohon bargo na tura ƙarƙashin gado, na koma gyaran fanka da tocila a bakin shago. Janaretan ma na rabu da shi, daga baya da abu ya ɗan lafa na koma amfani da batir da farantin sola. Abin da ya fi ci mini rai a shekarar, mutanen da na saba gani sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidajensu suna kallon fim ɗina, su na dinga karo da su a Gusau, wani yana tura kurar ruwa, wani yana dako a kasuwa. Mu gaisa, kowa ya sunkuyar da kai.

Aikin Damba ya zo ne ta hannun Hafsatu, wata mai zane 'yar Gusau da ke koyarwa a wata makaranta. Abin da ta kawo ban taɓa haska irinsa ba. Gero ne zai tsiro daga gindin bango, ya yi ta tashi har ya kai rufi, ruwan sama na zane ya sauko, tsuntsaye su tashi. Daga nan zanen ya narke ya koma hoto na gaske mai motsi, wanda ta ɗauka a wata gayya kusa da Kucheri, wajen dangin mahaifiyarta, tun hanya tana da kyau. Samari ne suna jidar damman gero zuwa rumbu, ganga tana tashi. Dab da ƙarshe wani saurayi da dami a ka zai juyo, ya dubi mai ɗauka, ya yi dariya, ya wuce. Sai abin ya sake farawa.

Bangon na Alhaji Mamman mai hatsi ne, jikin sitonsa, dogo, an shafe shi da farar ƙasa, ba ya gaban sahun kowa. Ya ba mu aro da sharaɗi ɗaya. "Sabon hatsi na tahe," in ji shi. "Ranar da mota tas sauke, buhuna za ni jerawa ga bangon ga har sama. Ku yi abinku kahin nan." Muka riƙa kunnawa bayan magariba, mu kashe da kiran isha'i.

Masu wucewa kuwa, kowa da irin tasa. Yara suna tsalle su kama tsuntsayen zane. 'Yan kabu-kabu suka riƙa kashe fitila tun daga kwana ba tare da an roƙe su ba. Wani direba ya tsaya ya rantse dammunan nan ƙanana ne, a garinsu mace ma ba za ta ɗaure irinsu ba. Wani tsoho ya zo ya yi wa samarin bango sallama, ya ƙara da "sannunku da aiki," aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Manoman da tashin hankali ya koro daga ƙauyuka kuwa ba sa dariya, ba sa magana. Sukan tsaya can baya hannu a ƙirji, su kalla har ya zagayo, su tafi.

A yamma ta biyu na lura da wata tsohuwa, siririya, da baƙin mayafi, tana tsaye jikin falwaya kusa da Hajo mai ƙosai, wadda ke suya a gefen sito. Takan kare ido da hannu ta kalli gero yana tashi, ta kalli ruwa, ta kalli samari suna jida. Amma da zarar saurayin nan ya fara juyowa, sai ta kau da kai ta ja mayafi. In ya wuce ta dawo da fuskarta. Kowane zagaye haka, washegari ma haka.

Alhaji Mamman ma ya gani. Ya kira ni gefe ya ce, "Malam Garba, akwai abin da ka ɓata ma tsohuwar ga rai cikin hoton ga. Dut sadda yaron can yaj juyo sai ta rufe huska. Ba ni son a ce bangona yas sa an ci mutuncin tsohuwa. A ɗebe wurin."

Muka zauna mu uku muna lalube. Alhaji ya ce wataƙila don rigar yaron a buɗe take. Ni na ce ko dariyar ce take gani kamar da ita ake. Hafsatu ba ta so ba, don ta ce wurin nan shi ne ran aikin, amma yarinya ce mai ladabi, bango kuma ba nata ba. Ta buɗe kwamfuta ta yanke. Da yamma tsohuwar ta zo ta tsaya wurinta. Da aka zo gurbin ta fara karkata kai, sai gero ya sake tsirowa daga ƙasa. Ta jira zagaye na gaba, da na gaba, har na kashe. Muka ce madalla, yau ba ta rufe fuska ba. Washegari ba ta zo ba.

Daren nan ina naɗe waya sai ga Hajo a kaina, matsami a hannunta yana ɗigar mai.

"Malam, wa yac ce ku ɗebe yaron?"

Na ce mun ga abin yana ɓata wa tsohuwar rai ne.

"Ɓata rai? Ɗanta na! Bawa, ɗan hwarin Inna Kulu na. Bara anka kashe shi bisa hanyar gona. Ni nig gane shi ran da kunka hwara, nit tahi nih hwaɗa mata. Don shi taka tahowa."

Na ce to me ya sa take kau da kai?

Hajo ta dube ni kamar yau aka haife ni. "Kai ba ka da uwa? Ɗan hwari na ce maka. Ta tsaya gaban mutane ta ƙura mai ido? Tun da anka yaye shi anka kai shi wurin kakarshi. Ko sunanshi ba ta taɓa kira ba, wancan taka cewa. Da wutsiyar ido taka ganin shi, yana da rai ma hakanan taka yi. Shi kunka ɗauke mata."

Mu ukun nan duka cikin wannan al'ada aka haife mu. Ni kaina har mahaifiyata ta bar duniya ban taɓa jin sunan yayana, ɗan farinta, a bakinta ba, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Da a gidan biki na ga tsohuwa tana kau da kai haka, da tuni na gane. Amma da yake a gaban bango ne, muka ɗauka hoto take ƙi. Hafsatu da ta ji sai hawaye. Ta ce a kawo waya yanzu-yanzu ta tura wa tsohuwar hoton, nata ne har abada.

Hajo ta girgiza kai. "Ɗiyata, idonta ya yi yana. Ko tsakuwa cikin shinkahwa ba ta gani, balle abin waya. Bangon ga kaɗai ta iya gani don girmanshi. Kuma ɗakin da anka ba su cike shike da mutane, ina za ta ɓuya ta duba? Jibi za a kai ta wurin ɗiyarta, wani gari can nesa."

Alhaji ya ce motar hatsinsa ma jibin za ta sauke. Yamma ɗaya ke nan ta rage mana.

To, samari, a nan nake so ku buɗe kunne. Mayar da abin da aka yanke, wannan kam dannawa ce, kafin in gama tari Hafsatu ta gama. Amma in mun mayar, tsohuwa ta zo, mutane suna tsaye, za ta sake kau da kai ta tafi da abin da wutsiyar ido ta ba ta. Sai an kwashe mutane. In an kwashe su kuma, da irin idonta sai ta matso dab da bango. Duk wanda ya matsa kusa da bango yana shiga tsakanin fitila da hoto, inuwarsa ta rufe abin da ya zo gani. Za ta taho wurin ɗanta ta tarar da inuwar kanta.

Tun da rana na fara. Na hau rufin rumfar Alhaji, wadda ke fuskantar bangon, da tsani, na shimfiɗa katako, na ɗaure majigin a can sama da igiya, na karkato idonsa ƙasa yadda haske zai sauko ta saman kan mutum, inuwa ta faɗi a ƙasa. Hoton da aka haska daga sama yana buɗewa ta gindi, fuska ta zama kamar tulu, sai na bi na daidaita kusurwoyin har ta koma fuskar mutum. Na matso da majigin don hasken ya taru ya yi ƙarfi, na sauko da fuskar daidai tsayin tsohuwa. Da rana ba a ganin komai a bango, don haka sai da magariba ta yi na gwada. Na sa Hajo, da yake tsayinsu ɗaya, ta yi ta takawa gaba da baya ina gyarawa, tana mita wai ƙullunta zai yi tsami. Na jawo doguwar waya na kai kwamfutar bayan rumfa, inda zan zauna in ba bango baya.

Sauran aikin ba nawa ba ne. Na gaya wa Alhaji cewa ban taɓa barin fitila a kunne bayan kiran salla ba. Ya ce, "Kashe ganga, bar hitila. Ba ta hana kowa salla. Kai ka yi taka in an gama, mazan ga kau ni za ni kora su da kaina." Hajo ta je gidan da aka sauki su Inna Kulu. Ban san me ta gaya mata ba, na dai ga sun taho tare, tsohuwar ta tsaya jikin falwayarta. Bawa ya juyo a bango, ta kau da kai kamar kullum, amma na ga hannunta ya damƙe mayafin.

Ladan ya kira isha'i. Na kashe sauti. Alhaji ya miƙe da butarsa yana daka tsawa, "Salla, jama'a! Hoto ba ya kai ku aljanna!" Ya tasa 'yan kabu-kabu da masu shayi gaba, har da waɗanda ban taɓa gani a sahu ba. Hafsatu ta ɗauki tiren ƙosan Hajo ta ce duk yaron da ke son na kyauta ya biyo ta, ta sha kwana da su gaba ɗaya. Kan ka ce kwabo titin ya zama wayam.

Na zauna a bayan rumfa, idona a kan kwamfuta. Samari suka jido dammuna. Bawa ya fara juyowa, na bari sai da fuskar ta cika, dariyar ta buɗe, na tsayar da hoton cak. Hajo ta ce da ƙarfi, don tsohuwar ta ji, "Bari in ga ƙosaina kada yara su cinye," na ji takunta ya yi nisa kaɗan ya tsaya.

Ban waiwaya ba, don haka abin da kunnena ya ji kawai zan iya gaya muku. Sai na ji jan silifa a hankali, a tsaya, a sake ja, har ya kai gindin bango. Daga masallaci ana jin karatun liman. Na ji tafin hannu yana shafa farar ƙasa. Tausayinta ya kama ni, ina ta addu'a a zuci kada batir ya ba ni kunya.

Can na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ba da kowa take ba.

"Ashe idanun babana gare shi."

Ta tsaya a nan har liman ya yi sallama, aka fara jin motsin takalma a ƙofar masallaci. Sai na ji silifar ta juyo, ta zo daidai rumfar ta tsaya.

"Malam," in ji ta, "kashe hitilarka. Mutane na tahe."